In babu rana a ƙasan teku, me halittun can suke ci?

Baban_Husna:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce ta kawo ni, kuma asalinta ta 'yata ce mai shekara 11.

Daren jiya muka zauna ni da ita muna kallon wani bidiyo da aka ɗauko da irin na'urar nan da ake zurawa da waya zuwa ƙasan teku. Sama da minti 20 fitilar na'urar ba ta haska komai ba sai laka, launin toka, shimfiɗe kamar an bi ta da tsintsiya. Can sai ga wani abu ruwan hoda, kumburarre, mai gajerun ƙafafu, yana takawa a hankali, a gefensa kuma wata halitta mai siraran hannuwa biyar ta lafe. Yarinya ta juyo ta ce, "Baba, malaminmu ya ce kowane abinci daga tsiro yake farowa, tsiro kuma ba ya yi sai da rana. To nan da babu rana, me waɗannan suke ci?" Na yi mata alkawarin zan nemo mata amsa.

Ni ma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Mai bayani a bidiyon ya ce ƙasan teku na cikin wuraren da suka fi yawan nau'o'in halittu a duniya, alhali abin da idona ya gani hamada ce tsagwaronta. Gaskiya ne, ko zuzutawa ce kawai? Sannan yaya aka yi nauyin wannan ruwan bai murƙushe su ba?

Ummu_Yasir:

Wa alaikumus salam. Baban Husna, ka fara da gaya mata cewa ƙasan teku ba iri ɗaya ba ne. Kusa da gaɓa, inda ruwa bai yi zurfi ba, rana na isa ƙasa sarai. Hasken da tsiro zai iya amfani da shi na kaiwa kusan mita 200. A nan ake samun ciyayin teku da kuma tudun murjani. Murjani dabba ne, ba dutse ba ne, ba tsiro ba ne, amma a cikin jikin wanda ke ruwa mara zurfi akwai wata 'yar mitsitsiyar gansakuka da ke haɗa abinci da hasken rana tana ba shi. Waɗannan tudun murjanin ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku na raɓe da su. Mafi girmansu yana gabashin Ostireliya, tsawonsa ya kai kilomita 2,300.

Can ƙasa inda kuka kalla kuwa, mu jira Anti Mai Rariya, ita ce ta taɓa lakar da hannunta.

Mai_Rariya:

Wa alaikumus salam. Baban Husna, ka gaishe mini da Husna, ka ce mata tambayar da ta yi ta taɓa sha kan manyan masana. A 1843 wani masani ɗan Birtaniya, Edward Forbes, bayan ya yi ta jan raga a tekun da ke tsakanin Girka da Turkiyya, ya yanke cewa daga zurfin mita 550 zuwa ƙasa babu mai rai. Mutane suka karɓa, domin maganar ta yi daidai da hankali: ga duhu, ga sanyi, ga nauyin ruwa. Sai a 1860 aka ciro wata wayar tangaraho da ke tsakanin Sardiniya da Aljeriya don a gyara, daga zurfin da ya kai mita 2,000, aka tarar da murjani da wasu halittu maƙale a jikinta. Daga 1872 zuwa 1876 jirgin Challenger na Ingila ya zaga tekunan duniya yana ɗebo abin da ke ƙasa, ya dawo da sababbin nau'o'i fiye da 4,000.

Malamin Husna bai yi kuskure ba. Abincin daga sama yake saukowa. A saman teku akwai ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, su ne ke cin gajiyar rana. In sun mutu, su da ƙananan dabbobin da ke cin su, da kashin waɗannan dabbobin, da yauƙin jikinsu, sai su cuɗe su riƙa gangarowa kamar ɓurɓushin auduga. Ku sake duba bidiyon, za ku ga wani fari-fari na yawo a cikin hasken fitila. Shi ne. Yakan yi makonni a hanya, ana cin sa yana sauka, har abin da ke isa can ƙasa bai fi kusan kashi 1 cikin 100 na abin da aka samar a sama ba. Wannan ruwan hodan da kuka gani, daga siffar da ka bayar, dangin kokwamban teku ne, irin wanda ake wa laƙabi da aladen teku. Aikinsa ke nan dare da rana, yana tafe yana tsince saman lakar, ya narkar da ɗan abincin da ke ciki, ya fitar da sauran.

Maganar hamada kuwa, nan nake so in ɗan jima, domin ni ma da wannan tunanin na shiga jirgi.

Lokacin da nake digiri na biyu na yi mako 5 a jirgin bincike a Tekun Atlantika. Akwai wani akwatin ƙarfe, rabin mita tsawo rabin mita faɗi, da ake zurawa da waya. In ya nutse cikin laka sai wani faifan ƙarfe ya juyo ya toshe shi ta ƙasa, a jawo shi. A zurfin mita 4,000 da ɗoriya, zuwansa da dawowarsa kusan awa 3 ne. Akwatin farko ya hau wajen ƙarfe 2 na dare. Da na leƙa ciki sai jikina ya yi sanyi: laka ce sumul, ruwa garai-garai kwance a kanta, sai 'yan ramuka biyu ko uku. Na ce a raina, wannan muka zo ɗauka? Na sa hannu, sanyinta ya ratsa safar hannu har yatsuna suka yi tsami, domin ruwan can bai wuce digiri 2 zuwa 3 ba. Muka yanke ta falle-falle daga sama, muka riƙa wankewa da ruwan teku mai sanyi a rariya mai ido milimita 0.3. Dole a bi a hankali, don in ka matsa ruwa jikin halittun dagargajewa yake. Abin da ya rage a gindin rariya bai cika cokali ba, kamar ƙura. Muka zuba masa wani jan rini mai kama tsoka, muka rufe a kwalba.

Sai da muka dawo na zauna gaban maikiroskof sannan na gane abin da muka ɗauko. Duk inda rinin ya kama, dabba ce. Ga tsutsa mai gashi jere a gefe biyu. Ga wata mai ƙahoni biyu nannaɗe. Ga wata ta gina wa kanta bututu da 'yan ɓawon ƙananan halittu, ta jera su ɗaya bayan ɗaya kamar magini. Ga 'yan mitsi-mitsin dangin jatan lande, farare fat, babu ido. Ga kumba da ba ta fi ƙwayar yashi ba. Abin da ya kama ni shi ne bambancinsu. In ka ɗebo laka a inda kogi ke shiga teku, za ka samu halittu bila adadin, amma 'yan nau'o'i kaɗan ne suka cika wurin. A nan kuwa ka ɗauki wannan da hantsaki ka ajiye, na gaba wani iri ne, na bayansa wani irin. Da yawa daga cikinsu sau ɗaya tak na gan su a duk watannin da na yi ina tantancewa. Malamata ta kan duba littafi bayan littafi, a ƙarshe ta rubuta lamba a jikin kwalba, saboda babu wanda ya taɓa raɗa wa abin suna.

Kada ka tsaya a kan shaidata kaɗai. A 1992 Frederick Grassle da Nancy Maciolek sun buga sakamakon irin wannan aikin da suka yi a gabashin Amurka, a zurfin mita 1,500 zuwa 2,500. Sun ɗebo laka sau 233. In ka haɗa faɗinta duka, murabba'in mita 21 ne, wato kamar ɗaki ɗaya. A ciki suka ƙirga nau'i 798, fiye da rabi sababbi ne ga ilimi.

Me ya sa haka? A idonmu lakar ɗaya ce. Ga halittar da tsawonta milimita 2 ne kuwa, ramin da wata tsutsa ta bari unguwa ce, tulin kashin da kokwamba ya ajiye wata unguwar ce, karan mataccen soson teku (wata dabba ce da ke kafe wuri ɗaya kamar tsiro) wata daban. Abincin ma ba daidai yake sauka ba, nan ya taru, can babu. Ka haɗa wannan da daɗewar da wurin ya yi babu abin da ya hargitsa shi, da kuma girmansa, domin waɗannan shimfiɗaɗɗun filayen masu zurfin mita 3,000 zuwa 6,000 sun rufe fiye da rabin doron duniya.

Nauyin ruwa kuma, kowane mita 10 da ka sauka matsi na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu. Abin da yake murƙushewa shi ne abin da ke da iska a ciki. Mun taɓa ɗaura kofin farar roba mai kumfa a jikin waya muka zura, ya dawo bai fi kan babban yatsa ba. Jikin waɗannan halittun kuwa ruwa ne ciki da waje, babu kogon iska da zai lotsa. Kifi dai yana da iyaka. Mafi zurfin da aka ɗauki hoton kifi shi ne mita 8,336, kusa da Japan, a 2022. Ƙasa da haka, har gindin ramin Mariyana mai kusan mita 11,000, dangin jatan lande da kokwamban teku ne ke ci gaba da harkarsu.

Baban_Husna:

Subhanallah. Malama, Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi. Na karanta mata tun daga farko har ƙarshe, maganar unguwannin nan ta fi burge ta. Amma ta ce in sake tambayar ki: ashe ke nan duk da duhun, rana ce dai ke ciyar da su. Babu ko guda da ke samun abincinsa ba ta hanyar rana ba?

Mai_Rariya:

Akwai, kuma ba a san da su ba sai a 1977. A shekarar ne jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Alvin ya sauka kusa da tsibiran Galapagos, zurfin mita 2,500. Masana duwatsu ne suka shirya tafiyar, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi suke nema a inda ƙasa ke tsagewa, ko masanin halittu ɗaya ba su tafi da shi ba, don ba su zaci ganin komai ba. Suka tarar da manyan kumba farare, da ƙaguwoyi, da wasu tsutsotsi tsaye cikin fararen bututu, irinsu kan kai mita 2, kowace da jan tuntu a ka.

Wannan tsutsar ba ta da baki, ba ta da hanji. Ruwan da ke fitowa daga ƙasa yana ɗauke da wata iska ta farar wuta, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda guba ce ga yawancin dabbobi. Jan tuntun nan jini ne ya cika shi, yana zuƙo wannan iskar tare da iskar shaƙa ya kai cikin jiki, inda bakteriya ke zaune cunkus. Su bakteriyar suke amfani da ƙarfin da ke cikin sinadarin su haɗa abinci, kamar yadda ganye ke yi da hasken rana, tsutsa ta ci daga abin da suka haɗa. Colleen Cavanaugh ce ta gano wannan zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka tun tana ɗaliba, aka buga a 1981. A 1979 kuma aka ga wasu maɓuɓɓugan da ke aman baƙin ruwa kamar hayaƙi, zafinsa digiri 350, amma matsi ya hana shi tafasa. A Tekun Indiya, a irin wannan wurin, akwai dodon koɗi da ƙafarsa ke lulluɓe da ɓawo mai sinadarin ƙarfe.

Sai dai ki sani Husna, ko su ba su rabu da rana ɗungurungum ba, domin iskar shaƙar da ke cikin ruwan, tsirrai ne suka samar da ita a sama.

Akwai kuma hanya ta uku da nake ƙaunar labarinta. Kun san wel, ƙatuwar dabbar nan mai shayarwa da ake ɗauka kifi ce. In ta mutu ta nutse, gawar mai tan 40 na sauke wa ɗan wurin da ta faɗa abincin da ɓurɓushin nan zai yi shekara kusan 2,000 kafin ya kawo. Craig Smith ya ci karo da ƙasusuwan ɗaya a 1987 kusa da Kalifoniya, shi ma a cikin Alvin. Da farko kifayen shak da wasu masu yauƙi kamar macizai ke zuwa su cinye naman cikin watanni. Ƙashin kuwa cike yake da mai, yana iya ciyar da halittu shekaru gommai. A 2002 aka gano wata tsutsa, Osedax, ita ma ba baki ba hanji, tana kafa saiwa cikin ƙashi tana narkar da shi. Duk waɗanda ake gani mata ne. Mazan 'yan mitsi-mitsi ne, a cikin bututun macen suke zaune, wani lokaci gommai a jikin mace ɗaya.

Kawu_Injiniya:

Na ji daɗin bayanin nan ƙwarai, ɗiyata. Bari in shigo da abin da ya shafi aikina, don ni harkar batir nake. Tsakanin Hawai da Meksiko akwai wani yanki da ake kira Clarion-Clipperton, inda wasu baƙaƙen dunƙule-dunƙule kamar dunƙulen hannu ke warwatse a kan laka, cike da manganis da nikel da kobal da tagulla. Duniya na buƙatar waɗannan ƙarafan. A tudu kuwa kowa ya san abin da haƙarsu ke jawowa: ana sare dazuka a Indonesiya saboda nikel, a Kongo har yara ake samu a ramukan kobal. A can ƙasan teku babu gari, babu gona, ba a ma haƙa rami, kwasa kawai za a yi. Ina girmama tsutsotsinki, amma in an ɗora su a sikeli da daji da mutane, ba gara a kwaso na tekun ba?

Mai_Rariya:

Kawu, maganarka tana da nauyi, kuma abin da ke faruwa a dazukan da ramukan nan yana damuna kamar yadda yake damun ka. Inda na saɓa maka, da girmamawa, shi ne kalmar kwasa kawai.

Waɗannan dunƙulen 'yan milimita suke ƙaruwa a cikin shekara miliyan ɗaya. Wanda ya cika tafin hannunka ya girmi ɗan Adam nesa ba kusa ba. Kuma a wannan filin lakar su ne kaɗai abu mai tauri da halitta za ta kama. Soson teku, da murjani, da wasu halittu masu ƙwayar halitta ɗaya tak amma girmansu ya kai santimita da yawa, a kansu suke tsira. A Kwarin Peru an ɗauki hoton wani farin oktofus, dabbar teku mai hannuwa takwas, yana kwanci a kan ƙwayayen da ya liƙa a karan mataccen soso, soson kuma a kan dunƙule ya tsiro. Ka ɗauke dunƙulen, soso ya tafi, wurin ƙwan ya tafi. A 2023 masana a gidan adana tarihin halittu na Landan suka tattara duk abin da aka taɓa samu a yankin da ka ambata, suka ƙirga nau'i 5,578, kusan kashi 90 cikin 100 ba a raɗa musu suna ba tukuna. Irin kwalaben nan ne masu lamba da na gaya muku. Hukumar kula da ƙasan teku ta duniya da ke Kingston a Jamaika ta riga ta ba da izinin binciken ma'adinai fiye da 30, mafi yawa a wannan yankin.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne saurin rayuwa. A maɓuɓɓugan ruwan zafi komai da hanzari yake: dutse ya yi aman wuta a ƙasan Fasifik a 1991 ya ƙone wata matattarar tsutsotsi, cikin shekara biyu zuwa uku manyan tsutsotsin sun sake tsayawa. A sanyi da yunwar sauran ƙasan teku kuwa komai jan ƙafa yake. Kusa da Kalifoniya, a zurfin mita 1,400, masana sun yi ta komawa wurin wata oktofus da ke kwanci, suna samun ta a kan ƙwayayenta har wata 53, jikinta na ƙara fari yana ramewa. Kusa da Hawai an auna shekarun wani baƙin murjani, ya haura 4,000. Manyan jiragen kamun kifi masu jan taru a ƙasa sun riga sun share irin waɗannan murjanin a kan duwatsun ƙarƙashin teku da dama.

An ma gwada abin da kake faɗa. A 1989 masana daga Jamus suka ja wata garma mai faɗin mita 8 a Kwarin Peru, zurfin mita 4,150, suka ratsa fili mai murabba'in kilomita 11 sau 78, don su ga yadda wurin zai farfaɗo. Ba su kwashe dunƙulen ba ma, binne su kawai garmar ta yi. A 2015, bayan shekara 26, aka koma da kyamara. Sawun garmar na nan raɗau. Masu yawo irin su kokwamban teku sun dawo, amma soso da sauran masu buƙatar abin kamawa ba su farfaɗo a cikin sawun ba, har bakteriyar da ke cikin lakar ba su koma yadda suke ba.